Hutun 12 ga Yuni: wa ake karramawa, wa kuma yake hutawa?

Malam_Na_Aji_Shida:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya, kuma don Allah kada a mayar min da ita faɗan jam'iyya. Yau da za a tashi na gaya wa 'yan ajina cewa jibi babu makaranta, gwamnatin tarayya ta ba da hutu. Ihun murna sai da hedimasta ya leƙo ta taga. Da suka lafa, wata yarinya da ke zama a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, hutun mene ne?" Na ce Ranar Dimokuraɗiyya. Ta ce, "Wace ce ita?" Aji ya kwashe da dariya, ni ma na dara. Amma da na tambaya ko akwai wanda ya taɓa jin sunan Abiola, hannu biyu na gani a ajin da ya haura yara sittin, ɗayan ma cewa ya yi ɗan ƙwallo ne.

Shi ne nake so ku haska min. Hutun nan da marigayi Buhari ya ayyana don tunawa da Abiola, karramawa ce ta gaske, ko ranar barci kawai aka ƙara wa ma'aikata? Sannan me ya sa shi ya samu rana, Murtala da Malam Aminu Kano da Tafawa Ɓalewa ba su samu ba?

Abban_Gayu:
Malam ni dai ko wane ne, indai za a ba da hutu saboda shi, Allah ya jiƙansa da rahama. A ƙaro wasu ma.

Uwar_Biyu:
Yaron da ya ce ɗan ƙwallo bai yi nisa da gida ba fa. Mutumin yana da kulob ɗinsa, Abiola Babes, kuma kuɗin da ya zuba a wasanni ba kaɗan ba ne. A ba shi rabin maki.

Baba_Na_Gwale:
Wa alaikumus salam. Malam, jikana ne ya saka ni a zauren nan, ban cika magana ba, amma wannan ta shafe ni. Na jefa ƙuri'a ranar, a zaɓen shugaban ƙasa. Asabar ce, 12 ga Yuni 1993. Jam'iyyu biyu ne rak a ƙasa, kuma Babangida ne ya ƙirƙiro su, ya gina musu ofisoshi a kowace ƙaramar hukuma: SDP mai doki, NRC mai mikiya. Mai mikiya ɗanmu ne na cikin gari, Alhaji Bashir Tofa. Mai doki Bayerabe ne daga Abekuta, shi ne Abiolan da ake magana. Gwamnan Kano a lokacin ma ɗan NRC ne, Kabiru Gaya. Duk da haka Kano doki ta bi.

Na tuna mun yi layi tun hantsi a harabar wata firamare. A gabana akwai wani tsohon mahauci, ɗan jam'iyyar NEPU ne tun zamanin Malam Aminu Kano. Wani yaro ya tsokane shi ya ce, Baba za ka bar ɗan gida ka bi baƙo? Tsohon ko juyowa bai yi ba, ya ce masa shi tun yana saurayi bai taɓa zaɓar inda masu naɗi suka karkata ba, ba kuma yau zai fara ba. Aka ƙirga a gabanmu, aka rubuta, kowa ya koma gida. Ko tsinke ba a ɗaga wa wani ba.

Bayan kwana goma sha ɗaya, ranar 23 ga wata, muka ji an soke. Abin da nake so yaran yanzu su gane, ba Abiola kaɗai aka yi wa fashi ba. Ni ma ƙuri'ata tana cikin abin da aka zubar. Saboda haka duk wanda ya ce min hutun Yarbawa ne, sai in ce masa ba ka nan.

Yar_Zazzau:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Tsigar jikina har tashi ta yi.

Bakatsine_77:
Baba da girmanka, Allah ya ja kwana. Amma mu bar tarihi tukuna mu dubi kalanda. Buhari ya hau mulki Mayun 2015. An yi 12 ga Yuni a 2015, an yi a 2016, an yi a 2017, bai tuna da Abiola ba. Sai ranar 6 ga Yunin 2018, zaɓe saura wata takwas, Obasanjo ya riga ya rubuta masa wasiƙar nan yana cewa kada ya sake tsayawa, sannan aka wayi gari da sanarwa. Ruwa ba ya tsami banza. Ƙuri'un Kudu maso Yamma ake nema, kuma aka samu hanyar shafa wa Obasanjo barkono, tunda shi ne ya shekara takwas a kujera bai ko waiwayi ɗan garinsu ba, kuma 29 ga Mayu, tsohuwar Ranar Dimokuraɗiyya da aka sauke, ranarsa ce. Ni Bakatsine ne, Buhari namu ne, amma gaskiya ɗaya ce.

Dan_Daura_Asali:
@Bakatsine_77 to sai me? Obasanjo ya yi takwas, 'Yar'aduwa ya yi kusan uku, Jonathan ya yi biyar. Duk sun ci zaɓe sun nemi ƙuri'a, me ya hana su yin wannan siyasar? Mutumin nan ya tara jama'a a fadar shugaban ƙasa, ya miƙa wa Kola Abiola lambar GCFR ta mahaifinsa, wadda shugabannin ƙasa ake ba wa, ya kuma buɗe baki ya nemi afuwar iyalin a madadin gwamnati. Soja ne fa. Ka taɓa jin wani janar ya ba da haƙuri a ƙasar nan kafin ranar?

Bakatsine_77:
Janar ɗin da yake shugabantar PTF, asusun rarar kuɗin man fetur, a gwamnatin Abacha lokacin da Abiola yake tsare? Shi kake nufi ko wani?

Dan_Daura_Asali:
Kingibe ma da yake mataimakin Abiola ministan harkokin waje ya zama a gwamnatin Abacha, kuma shi ma an ba shi lambar girmamawa ta GCON a ranar. In za a bi wannan layin, 'yan kaɗan ne za su fita da farar riga.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Jama'a a yi a hankali. Mutanen da ake ambata da yawansu sun riga mu gidan gaskiya. A faɗi abin da ya faru, banda zagi. Wanda ya ƙetare layi zan goge.

Lauyan_Unguwa:
Bari in ɗan gyara wasu abubuwa, don na ga ana haɗa biyu wuri ɗaya.

Akwai hutun da ake bayarwa sau ɗaya, akwai wanda yake zama a doka. Dokar ranakun hutu ta ba shugaban ƙasa ikon ware wata rana ta musamman ta hanyar sanarwa, kuma ma'aikatar harkokin cikin gida ce take fitar da ita. Irinsa aka yi ranar Talata 15 ga Yulin 2025, ranar da aka binne Buhari a Daura, kuma irinsa aka yi washegarin rasuwar 'Yar'aduwa a Mayun 2010. Wannan da an yi shi ya wuce. Gwamna ma yana da irin wannan ikon a jiharsa, shi ya sa kuke ganin Kano da wasu jihohi suna ba da hutun 1 ga Muharram.

Na 12 ga Yuni daban ne. Sanarwar 2018 ba ta isa ta mayar da shi hutun kowace shekara ba, don sunan 29 ga Mayu ne a rubuce. Sai da majalisa ta gyara dokar, Buhari ya sa hannu a Yunin 2019. Shi ya sa a 2018 biki kawai aka yi aka ba da lambobi, hutun farko na ƙasa baki ɗaya a 2019 ne, ranar da ya sa wa babban filin wasa na Abuja sunan Abiola. Ita kuma 29 ga Mayu tana nan a matsayin ranar miƙa mulki.

Ko lambar ma an yi ja-in-ja a kanta. Tsohon alƙalin alƙalai Alfa Belgore ya ce doka ba ta yarda a ba mamaci ba, wasu manyan lauyoyi suka ce shugaban ƙasa yana da hurumin ɗage sharaɗin. Haka dai aka wuce wurin.

Sannan Malam, a takarda sunan ranar Ranar Dimokuraɗiyya, ba Ranar Abiola ba. Wannan bambancin yana da amfani ga tambayarka ta biyu.

Malam_Na_Aji_Shida:
Na gode Barista. Ashe ni ma da sauran karatu a gabana. Amma ai wannan ya ƙara min ruɗani. In ranar ta dimokuraɗiyya ce, me zan ce wa yarinyar nan? In ta mutum ɗaya ce, me ya sa ba a kira ta da sunansa ba?

Sadauki_Mai_Adaidaita:
Ku yi ta lissafinku. Ni abin da na sani, ranar hutu babu 'yan makaranta, babu ma'aikatan sakatariya, babu masu zuwa banki. Daga asuba zuwa azahar in na yi sa'a in haɗa kuɗin mai. Shi kuwa mai mashin balas ɗinsa ba ya sanin wata dimokuraɗiyya, da magariba zai kira. Bara ranar nan sai da na ciro daga kuɗin cefanen gida na cika masa. Hutu na masu albashi ne. Mu rana ce da ake karɓe mana ciniki a ce mu yi murna.

Hajjo_Nas:
Ba duk masu albashi ba ɗan'uwa. Mu a asibiti ranar hutu ita ce ranar wahala. An rufe ɓangaren ganin likita na yau da kullum, kowa sai ya kwararo ɗakin gaggawa, mai zazzaɓi da mai haɗari duk layi ɗaya, mu kuma rabinmu ne a bakin aiki. Akwai shekarar da wata tsohuwa ta taso daga ƙauye tun duhun asuba da katinta a ƙulle a bakin zani, ranar da aka rubuta mata ta dawo ta faɗo kan hutu, babu wanda ya lura. Ta zauna a benci tana ta kallon ƙofar da aka garƙame. Da na gaya mata hutu ake, sai ta ce, "Sallah aka yi ban sani ba?" Mu muka haɗa mata kuɗin mota.

Mai_POS_Kwanar_Kasuwa:
Ni dai ba ni da ƙorafi. Banki a rufe, layi a gabana.

Abban_Gayu:
Ga wanda ya ci ribar dimokuraɗiyya nan.

Dalibin_Tarihi:
@Baba_Na_Gwale Allah ya ƙara girma. Ina da ƙaramar tambaya. Mutane da yawa suna cewa a ranar bayan hoton ɗan takara aka yi layi, wai shi ne Option A4. Abin da na karanta shi ne A4 tsarin fid da gwani ne, ɗan takara ya faro daga mazaɓarsa, zuwa ƙaramar hukuma, zuwa jiha, sannan babban taro na ƙasa, kamar wanda SDP ta yi a Jos inda Abiola ya kayar da Kingibe bayan Atiku ya janye. Shi kuma ƙato-bayan-ƙato a zaɓukan baya aka yi shi. Yaya kuka yi a rumfarku?

Baba_Na_Gwale:
Yaro ka yi karatu. Ƙato-bayan-ƙato mun yi shi a na ƙananan hukumomi da na gwamna, har maƙwabta suka daina gaisawa saboda kowa ya ga inda kowa ya tsaya. A na shugaban ƙasa abin da nake tunawa, an tantance mu da safe, aka ce kowa ya tsaya kada ya tafi, sannan aka ba mu takarda muka dangwala muka jefa a gaban jama'a. Shekara talatin da ɗoriya, in na haɗa wani da wani a yafe min. Amma ƙirgar a idonmu aka yi, wannan ko a mafarki ba zan manta ba.

Dalibin_Tarihi:
Na gode Baba. Don masu cewa Arewa ba ta da hannu a ranar: alƙaluman da suka fito sun ba Abiola ƙuri'a sama da miliyan 8, Tofa kusan miliyan 6, Abiola ya ci jihohi 19 cikin 30. A cikinsu akwai Kano, Jigawa, Kaduna, Borno da Yobe. Tofa ya ɗauki Sakkwato, Kebbi, Katsina, Bauchi da Neja, ya kuma ci wasu jihohin Kudu irin su Ribas da Imo. Musulmi biyu ne a tikitin SDP, Kiristocin Filato da Binuwai suka zaɓe su. Sakataren jam'iyyar na ƙasa Sule Lamido ne. Shi kansa Babangida, a littafin da ya ƙaddamar a Fabrairun 2025, ya amsa cewa Abiola ne ya ci.

Bakatsine_77:
Bayan shekara 32. Ihu bayan hari.

Basakkwace_Na_Kware:
Mu dai mikiya munka bi, kuma ba mu yi nadama ba. Abin da ka ba ni haushi, kullum in an zo wannan rana sai a riƙa maganar Tofa kamar wani abin dariya, wai ɗan gida ya sha ƙasa a gida. Mutumin ga ya rayu har Janairun 2022, bai tada fitina ba, ya zauna yana rubuta littattafai da Hausa yana shiga sha'anin jama'a. Zaɓe mutum biyu ka yin shi. In babu wanda ya faɗi ya haƙura, babu dimokuraɗiyyar da za a yi wa hutu.

Yar_Zazzau:
Tunda ana tuna waɗanda aka manta, ni Kudirat nake so a ambata. A Zariya aka haife ta. Mijinta yana tsare, ita ce a titi tana magana, har aka harbe ta a motarta a Legas ranar 4 ga Yunin 1996. Ta bar 'ya'ya. Duk shekara hotunan maza ake jerawa da manyan riguna. A aji nawa ake faɗar sunanta? Haka Gambo Sawaba, sau nawa aka ɗaure ta saboda mata su samu jefa ƙuri'a a Arewa? Asibiti dai aka sa wa sunanta a garinmu, shi ke nan.

Uwar_Biyu:
Faɗa musu dai 'yar'uwa.

Lauyan_Unguwa:
Don adalci, Tinubu ya ba Kudirat lambar girmamawa a bikin 2025, tare da Shehu Musa 'Yar'aduwa da ya rasu a kurkukun Abakaliki a 1997, da Humphrey Nwosu da ya shugabanci hukumar zaɓen. Ko lamba ta wadatar, wannan wata maganar ce.

Dan_Agege:
Ni abin da ranar take tuna min daban ne. A Agege aka haife ni, mahaifina fataucin goro yake yi. Ina ɗan shekara tara lokacin. Bayan an soke zaɓen gari ya rikice, ana ƙona tayoyi, ana rufe hanya, jita-jita ta cika unguwa cewa yaƙi za a yi. Baba ya ce mu da Inna mu tafi gida, shi zai tsaya wa kaya. Na tuna tashar mota cike maƙil, an ninka kuɗi, mata da tabarmi da tukwane a ka. Maƙwabciyarmu Bayarabiya, wadda muke kira Iya, ita ta riƙo hannuna har bakin mota, ta cusa min ƙullin gurasa da ƙosai a aljihu tana kuka, Inna ma tana kuka. A hanya muna ta karo da motoci sun ɗebo mutanen Kudu daga Arewa, su ma gudu suke. Kowa yana gudun kowa, alhali wata biyu kafin nan abu ɗaya suka zaɓa.

Mun yi wata huɗu a ƙauye, na rasa zangon karatu guda. Ban taɓa ganin Abiola ba. Amma in an ce 12 ga Yuni, ƙosan nan nake jin ƙamshinsa.

Hajjo_Nas:
Allah sarki. Iya tana raye?

Dan_Agege:
Ta rasu da daɗewa. Muna zumunci da 'ya'yanta har gobe.

Ustaz_Abu_Hafsa:
Ni a ganina duk wannan ɗaukar al'adar wasu ne. Mamaci ba ya amfana da an rufe ofis saboda shi. Abiola Musulmi ne, ya gina masallatai, ya yi hidimar addini. In ana ƙaunarsa a yi masa addu'a, a haƙa rijiya, a gina aji da sunansa. Mu ranakun bikinmu sanannu ne.

Malama_Ta_Islamiyya:
Allah gafarta Malam, a addu'a da sadaka muna tare. Amma babu wanda ya ce ibada ce. 1 ga Oktoba ma hutu ne, ban ji an ce idi ba ce. Wannan sha'anin mulki ne, a bar shi a inda yake, kada zaren ya koma wani wuri.

Dan_Zango_Kumasi:
Gaisuwa daga Gana. Ku naku mai sauƙi ne. Mu nan ranar gwarzo ta zama ƙwallo tsakanin jam'iyyu. A 2009 Atta Mills ya ayyana 21 ga Satumba, ranar haihuwar Nkrumah, a matsayin ranar wanda ya kafa ƙasa, lokacin ana cikar shekara ɗari da haihuwarsa. Da Akufo-Addo ya zo sai ya ce ba mutum ɗaya ya kafa Gana ba, aka kai ranar waɗanda suka kafa ƙasa 4 ga Agusta, ranar da aka kafa UGCC a 1947, jam'iyyar su J.B. Danquah wanda danginsa ne. Aka bar wa Nkrumah 21 ga Satumba da sunan ranar tunawa kawai. Mahama ya dawo, a 2025 aka sake juyawa. Yaran makaranta nan ma sai ka tambaye su wace gwamnati ce a sama kafin su ba ka amsa. Ku gode Allah taku ta tsallake canjin shugaba ba a taɓa ta ba.

Bakatsine_77:
Ta tsallake ne don wanda ya gaji kujerar, Tinubu, ɗan NADECO ne, ƙungiyar da ta yi fafutukar 12 ga Yuni, har gudun hijira ya yi a kan maganar. Bari wata jam'iyyar ta karɓa mu gani.

Na_Maradi:
Mu a Nijar ba mu cika ba mutum ɗaya rana ba. Diori Hamani filin jirgin Yamai, Seyni Kountché babban filin wasa, Djibo Bakary kuma sai a 2024 anka cire sunan de Gaulle daga wani babban titi anka sa nashi. Ranakun na ƙasa ne: 18 ga Disamba ta kafa jamhuriya, 24 ga Afrilu ta sulhu, da 3 ga Agusta ta 'yancin kai. Abin da nake so da 3 ga Agusta, ba kwanciya ake ba, itace ake dasawa. Ko yaro bai san tarihi ba, ya san ranar da ya riƙe dashe a hannunsa. Sojoji kuma sun ƙara 26 ga Yuli, ranar da sunka karɓi mulki. Wannan ba zan ce komai a kai ba, ina da iyali.

Abban_Gayu:
Na_Maradi ka fi kowa wayo a zauren nan.

Jikan_NEPU:
A dawo kan tambayar Malam ta biyu, don an bar ta a baya. Murtala an harbe shi ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1976, wata shida da 'yan kwanaki a mulki. Tafawa Ɓalewa da Sardauna, Janairun 1966. Malam Aminu ya rasu 17 ga Afrilun 1983, bai bar komai ba sai gidan Mumbayya. Ba ɗayansu da yake da ranar hutu. Murtala yana kan naira ashirin, Tafawa Ɓalewa yana kan naira biyar. Yaushe rabonka da ka riƙe naira biyar a hannu? Karramawar tasu ma hauhawar farashi ta cinye ta.

Dalibin_Tarihi:
Yaya, in aka buɗe wannan ƙofar ba za ta rufu ba. Ka ba Sardauna, dole ka ba Awolowo da Azikiwe. Ka ba Murtala, wasu za su taso da abin da ya faru a Asaba lokacin yaƙin basasa. Gwarzon wani yanki abin tsoron wani yanki ne. Ina ganin abin da ya sa 12 ga Yuni ta iya tsayawa shi ne ba ranar haihuwar kowa ba ce, ba kuma ranar mutuwar kowa ba. Abiola ranar 7 ga Yulin 1998 ya rasu a tsare, wata guda bayan Abacha. Da shi kaɗai ake nufi, wannan ranar za a ɗauka.

Jikan_NEPU:
To me ya hana Kano ta ware 17 ga Afrilu? Barista ya ce gwamna yana da iko. Legas da Ogun da Osun sun yi shekaru suna hutun 12 ga Yuni a jihohinsu kafin Abuja ta waiwayo. Su suka riƙe nasu har aka karɓa. Mu kowa yana sa hoton Malam a fosta, a nan ake tsayawa.

Sadauki_Mai_Adaidaita:
Don Allah Yaya kada ka ja mana wani hutun. A karrama Malam Aminu da rage kuɗin mai, shi ma na san haka zai fi so.

Uwar_Biyu:
Ni laifin ban ɗora wa hutu ba. An yi shekaru an cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare, waɗanda suka tashi a lokacin su ne iyaye da malamai yanzu. Ɗana ya san 'yan wasan Arsenal har da masu zaman benci, amma da na tambaye shi wane ne a jikin naira ɗari biyu sai ya ce wani sarki ne. Rediyo ma ranar jawabin shugaban ƙasa za a sa, a bi da gaisuwar 'yan siyasa, kowa yana taya kowa murna. Da Abiola ya dawo ya ji, shi da ya yi kamfe da alƙawarin sallama da talauci, ban san me zai ce ba.

Bakatsine_77:
Kuma kada a mai da shi waliyyi. Attajiri ne, abokin manyan sojoji ne tun kafin su juya masa baya, ɗan NPN ne a jamhuriya ta biyu. Babu wanda ya san irin mulkin da zai yi.

Baba_Na_Gwale:
Gaskiyarka, ba mu sani ba. Ai abin da aka hana mu ke nan, mu gani da idonmu, in ya yi daidai mu ƙara masa, in ya ɓata mu sauke shi. Jaridarsa ta Hausa, Amana, ina saye a bakin asibiti, ban taɓa ɗaukarsa waliyyi ba. Ɗan takara na ɗauke shi.

Malam_Na_Aji_Shida:
Jama'a na gode ƙwarai, ban zaci abin zai yi tsawo haka ba. Har yanzu ban san ko hutun karramawa ce ko siyasa ba, na ga kowa da hujjarsa. Amma gobe ina da darasi ɗaya da su kafin hutun, akwai abin da nake so in gwada. Zan dawo in ba ku labari in sha Allah.

Abban_Gayu:
Malam a gaishe min da mai cewa wace ce ita.

Malam_Na_Aji_Shida:
Na dawo. Na zana doki da mikiya a allo, na tsayar da yara biyu, na yanka takardun tsohon rajista muka yi ƙuri'a, kwalin alli ya zama akwati. Aka jefa, aka fara ƙirga a gaban kowa, monita yana rubutawa. Da aka ci rabi, ɓangare ɗaya ya fara tsalle, sai na tashi na kwashe takardun na zuba a aljihu, na goge allo, na ce na soke, kowa ya buɗe littafin lissafi.

Wallahi ban taɓa ganin ajin nan haka ba. Shiru na ɗan lokaci, sai hayaniya. Wani ya ce, "Malam wannan zalunci ne." Yaron da yake kan gaba ya kifa kai a tebur yana hawaye, sai da na ji ba daɗi. Har waɗanda ake kayarwa suna cewa a ƙarasa ƙirgawa. Hedimasta ya sake leƙowa. Da ƙyar na lallashe su, sannan na ba su labarin Baba_Na_Gwale da na Dan_Agege, ban ambaci sunan kowa ba. Yarinyar nan ta sake ɗaga hannu. Ta ce, "To shi wanda ya soke, me aka yi masa?" Aka kaɗa ƙararrawa kafin in haɗa amsa.

Lauyan_Unguwa:
A turo min yarinyar nan in ta gama sakandare.

Bakatsine_77:
Ka ce mata yana Minna, ana kai masa gaisuwa.

Baba_Na_Gwale:
Malam, ba ka faɗa mana ba. Doki ne a gaba ko mikiya?

Malam_Na_Aji_Shida:
Mikiya ce Baba. Ɗan takararta ya yi musu alƙawarin alawa. Takardun suna nan a aljihun rigata, sun ce sai an ƙarasa ƙirgawa in an dawo hutu.